Mata da Bayanin Lafiya: Duba Daga Ƙofar Kware

Ƙofar Kware ba lungu ba ce. Tana cikin ƙofofin tsohon birnin Sakkwato, ta kuma ci sunan garin da take kallo, Kware, wanda ke kan hanyar da ta bi ta Gwadabawa da Illela ta tsallaka Birnin Ƙonni a Nijar. Matar da ke zaune a wannan unguwa, kuɗin keke napep ne kawai tsakaninta da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kemis a kowace kwana. Idan nisa ne ke raba mata da ilimin lafiya na zamani, to nan kam babu wannan uzuri. Duk da haka wanda ya san gidajen birni ya san ana fara shan ƙwayar ƙarin jini a ajiye bayan mako guda, ana kumburi da ciwon kai a wata na takwas a ce ai haka ciki yake. Alƙaluman jihar baki ɗaya, waɗanda ƙauyuka suka rinjaya, sun fi haka tayar da hankali. Binciken yawan jama'a da lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 5 cikin 100 kacal na yaran Sakkwato masu wata 12 zuwa 23 ne suka kammala rigakafi, mafi ƙanƙanta a Nijeriya, a lokacin da Anambra ke da 76. Haihuwar asibiti ba ta kai kashi 10 cikin 100 ba, alhali ƙasa baki ɗaya tana da 39. Da an kawo irin waɗannan lambobi, amsa ɗaya ce ke zuwa bakin mutane: jahilcin mata. Amsa ce mai daɗi ga mai faɗarta, domin ta wanke kowa sai wadda ba ta wurin.

Kafin a yanke hukunci ya kamata a san abin da ake aunawa. Masu nazarin lafiyar al'umma idan suna maganar fahimtar bayanin lafiya, suna nufin mutum ya iya nemo bayani, ya gane shi, ya auna gaskiyarsa, sannan ya yi aiki da shi. A 2000 masani Don Nutbeam ya kasa abin hawa uku: iya bin umarni, kamar sanin ranar komawa awo da yawan cokalin da za a ba yaro, sai iya magana da ma'aikacin lafiya, a yi tambaya a fahimci amsa, sai iya tantance zance, a bambance na likita da na mai talla da lasifika a bayan mota. Da aka auna manyan Amurka a 2003, kashi 12 cikin 100 ne kawai suka kai matakin ƙwarewa. A 2011 an auna ƙasashe takwas na Turai, aka samu kashi 47 cikin 100 fahimtarsu ba ta wadatar ba, a ƙasashen da kusan kowa ya yi makaranta. Ke nan giɓin yana da baki biyu, na mai ji da na mai faɗa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Abin da nake son kafawa shi ne, dalilan da bincike ke alaƙantawa da ƙarancin fahimtar mata, wato rashin makaranta, da auren wuri, da talauci, da rashin baki a shawara, da bambancin harshe, duk aiki ɗaya suke yi. Kowannensu yana rage wa mace damar ta yi tambaya, a ba ta amsa da harshen da take ji, ta koma gida ta aiwatar ba tare da wani ya soke ba. Wanda ya duba su ta wannan fuska zai ga wasu sai an shekara ashirin ana gyara, wasu kuwa ana iya taɓa su a daminar bana, kuma masu saurin gyaruwan kusan duka suna hannun masu bayani.

A fara da makaranta, tunda ita ce mafi nauyi. Tun 1979 masani John Caldwell ya nuna, da alƙaluman Ibadan da kewayenta, cewa karatun uwa ya fi kowane dalili tasiri a kan ko ɗanta zai rayu. A 2010 mujallar Lancet ta buga lissafin da ya danganta kusan rabin raguwar mutuwar yara a duniya tsakanin 1970 da 2009 ga ƙaruwar karatun mata. A Sakkwato kuwa, binciken 2018 ya samu fiye da kashi 80 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 ba su taɓa shiga ajin boko ba, alhali a ƙasa baki ɗaya kashi 35 ne. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me makaranta ke ba yarinya har ya kare ɗanta bayan shekara goma? Wadda ta gama aji shida a cunkushen aji ba ta fito da sanin hawan jini ba, sau da yawa ko karatun ma bai zauna ba. Abin da ta koya shi ne hulɗa da hukuma. Ta saba da agogo da kalanda, ta saba a kira sunanta daga rajista, ta saba tsayawa gaban babban da ba na gidansu ba ta ba da amsa, ta ga cewa takarda tana ɗaukar umarni. Asibiti kuwa mai wannan sabo aka tsara wa shi. Wadda ba ta da sabon, a baƙuwa take shiga, baƙo kuma ba ya yawan tambaya.

Za a ce to magana ta ƙare, a sa yara mata a makaranta. Haka ne, an ma ga abin da ke motsa iyaye: daga 2014 zuwa 2016 wani shirin UNICEF a jihohin Sakkwato da Neja ya riƙa ba iyaye mata naira 5,000 duk bayan wata uku a kan kowace yarinya, shigar yara mata kuma ta ƙaru, abin da ke nuna kuɗin tallan da yarinya ke kawowa gida yana cikin lissafi fiye da ƙiyayyar bokon da ake ta faɗa. Amma yarinyar da aka sa aji ɗaya bana, sai bayan shekara goma sha wani abu za ta zama uwa. Matan da ke haihuwa yau, da waɗanda za su haihu kafin lokacin, makaranta ta riga ta wuce su. Sannan akwai gyara a yadda ake kiransu marasa ilimi, domin ajin boko jadawalin ke ƙirgawa. Matar da ta sauke Alƙur'ani, ta karanta Ahalari da Ishmawi, ta san hukuncin jinin haila da na biƙi dalla-dalla, layi ɗaya ake sa ta da wadda ba ta taɓa riƙe allo ba. Wannan mace ta iya riƙe ƙa'ida mai sharaɗi da togaciya, shan magani kuwa abin da yake buƙata ke nan. Wasunsu suna karanta ajami. Har yau takardun naira 200 da 500 da 1,000 suna ɗauke da ajami, kwalin maganin jariri kuwa Turanci ne zalla, da ƙananan baƙaƙen da ko mai digiri sai ya matso da su kusa da ido.

Ga yadda abin yake a hannu. Tun 2015 ake rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na damina a Sakkwato, ga yara daga wata 3 zuwa 59, sau ɗaya a wata har wata huɗu, gida-gida. Fakitin ƙwaya huɗu ne. Biyu ake narkawa a ba yaro nan take a gaban mai rabo, biyu a bar wa uwa, ɗaya gobe ɗaya jibi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2012 bayan gwaji ya nuna yana kawar da kusan kashi 75 cikin 100 na zazzaɓin, da sharaɗin a cika kwana ukun. A duba abin da ake nema daga uwa. Ta ba yaron da lafiyarsa ƙalau magani, abin da ya saɓa wa duk abin da ta sani game da magani. Ta daure da kukansa, ta san abin yi idan ya amayar. Ta hana kanta ajiye ƙwayar don ranar da zazzaɓi zai zo da gaske, ko raba ta da wansa ɗan shekara shida da aka tsallake. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar karatu. Abin da suke buƙata minti biyar ne na bayani daga mai rabo, ita kuma an ɗora mata adadin gidajen da za ta gama kafin la'asar. Idan ta miƙa fakiti daga zaure ta wuce, aka jefa ƙwayar cikin kwalla, rahoto zai nuna an raba magani. Idan yaro ya kwanta a Satumba, sai a ce uwarsa ce ba ta waye ba.

Haka ma ɗakin awo. Ranar awo a asibitin unguwa mata sukan cika benci tun da hantsi, ma'aikaciya ɗaya ko biyu. A yi jawabin lafiya ga taro gaba ɗaya, wani lokaci da waƙa da tafi, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya. A ɗaura abin awon jini, a rubuta lamba biyu a kati, a ce, “Jininki ya hau, ki rage gishiri, ki sha wannan. Kin gane?” Ta ce, “Na gane, malama.” Tarbiyyarta ba ta bar mata wata amsa ba. Ta ce ba ta gane ba, ta ɗora wa babba laifin rashin iya magana ke nan, ga layi a bayanta, ga tsoron tsawa gaban mutane. Ta fita ba a gaya mata cewa matsanancin ciwon kai da gani dishi-dishi da kumburin fuska su ke gabatar jijjiga ba, kuma in ta gan su ko tsakar dare ne a taho. Akwai dabarar da aka gwada a ƙasashe da dama, ba ta cin ko kwabo: maimakon a tambayi mace ko ta gane, a ce ta faɗi abin da za ta gaya wa maigida in ta koma. Nan take ake jin inda zancen ya zube. Ma'aikata za su ce ba su da lokaci, ba kuma ƙarya suke yi ba. Wadda ta wuni kan layin da ba ya ƙarewa ba a neman fara'a wurinta. Sai dai wannan hujja ce a kan wanda bai ɗauki isassun ma'aikata ba. A ƙara da harshe: ta hanyar Illela da Kware mata na shigowa birni da Fulatanci da Zabarmanci da Buzanci a bakinsu, wasunsu Hausar kasuwa kawai suke ji, ita kuwa ba ta isa a kwatanta ciwon mara da ita ba.

Sakkwato ta taɓa gwada wata hanya daban. A 2013 gwamnatin jihar, da tallafin wani shirin hukumar USAID, ta sayi man shafa wa cibiyar jariri mai suna kuloheksidin, da ƙwayar misoforostol mai tare zubar jini bayan haihuwa, aka horar da mata 'yan sa-kai 2,440, goma a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 244, domin maganin ya kai ga masu haihuwa a gida. Tunda a ɗaki ake mafi yawan haihuwa, sai a kai bayanin ɗaki, ta bakin maƙwabciyar da ake haɗuwa da ita a suna da biki. Matan da ake cewa ba za su iya bin ƙa'ida ba sun karɓi ƙwaya uku da sharaɗin kada a sha sai jariri ya fito, mafi yawansu kuma sun riƙe sharaɗin. Shi wannan man cibiya yana da wani labarin daga wasu wurare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi cewa a ƙasashen Afirka da dama an ɗiga wa jarirai shi a ido, wasu har suka makance, domin an zuba shi a mazubi mai kama da na maganin ido. Uwar da ta ga abu mai siffar maganin ido ta ɗiga a ido, da hankali ta yi aiki a kan abin da aka nuna mata. Waɗanda suka zaɓi mazubin masu digiri ne.

Daga nan sai gida, inda ake yanke hukunci na gaske. A arewa maso yamma fiye da rabin mata sun yi aure kafin su cika shekara 17. Illar wannan ga fahimta ta wuce katse karatu. Mai cikin fari tana ƙarƙashin dokar kunya: ba ta faɗar cikin, ba ta ambatarsa gaban surukai, sai ya fito kowa ya gani, shi ya sa ake makara zuwa awon farko. Naƙuda ma wadda ta yi ta shiru ake yabo. Wani nazari kan alƙaluman 2008 ya samu kusan haihuwa ɗaya cikin biyar a Nijeriya an yi ta babu kowa tare da mai haihuwa, kusan dukkansu kuma a arewa. Wadda aka hore ta kada ta ambaci abu ba za ta yi tambaya a kansa ba. Ko ta ji bayani a asibiti ta riƙe, ba maganarta ce ta ƙarshe ba. Akwai uwar miji, akwai uwarta in ta tafi goyon ciki, akwai ungozoma, akwai maigida mai kuɗin mota. Binciken 2018 ya nuna kashi 44 cikin 100 kawai na matan aure a Nijeriya ke da baki a shawarar lafiyar kansu. Saboda haka auna fahimtar mace ita kaɗai, yadda takardun tambayoyi ke yi, yana ɓoye abin da ya kamata a gani. Masu cewa a koyar da maza tunda su ke ba da izini sun faɗi rabin gaskiya. Maigida yana ba da izinin fita da kuɗi, amma abin da za a shafa wa cibiya, da ko za a ba jariri dakashi ko a matse a zubar, da ranar da za a fara ɗura masa ruwa, ba ya ma shiga ɗakin da ake yanke su. Tsohuwar da ke shiga kuwa ba a gayyatarta jawabin awo.

A nan masu ɗora komai kan al'ada ke samun abin kamawa, kuma suna da hujja. Yankan gishiri yana jawo yoyon fitsari. Zubar da dakashi yana raba jariri da kariyarsa ta farko. Cewa haƙori ke kawo gudawa yana sa a zauna har ruwan jikin yaro ya ƙare. Waɗannan ba abin lallashi ba ne. Sai dai labarin wankan jego ya isa ya sa masu ilimin zamani su sassauta murya. A shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da wankan ruwan zafi, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Ciwon gaskiya ne, yana kuma da yawa: wani nazari da aka buga daga asibitin koyarwa na Sakkwato a 2007 ya same shi a haihuwa 1 cikin 102, adadin da ke cikin mafi girma a duniya. An yi shekara da shekaru ana yi wa mata faɗa kan kanwa. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta ya fi nuna rama, da hawan jinin ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyum a jiki; al'adun jego ba su fito a matsayin babban dalili ba. Wannan bai mai da kanwa magani ba, mai hawan jini ba ta da abin yi da ita. Amma tsohuwar da ta ce ta yi wanka haihuwa goma ba abin da ya same ta, shaida take kawowa irin wadda take da ita. Wanda ya amsa mata da raini ya rasa ta, ya kuma rasa duk matan 'ya'yanta.

Akwai kuma ƙin da ake lissafawa cikin jahilci alhali daga tunawa ya fito. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Lokacin da jita-jitar cewa ɗigon shan-inna na hana haihuwa ta tsayar da rigakafi a wasu jihohin arewa a 2003, wannan labari yana bakin mutane. Jita-jitar ƙarya ce, ta kuma gurgunta yara. Amma tambayar da mata ke yi a bakin ƙofa tana da ma'ana: me ya sa ake biyo mu har ɗaki da wannan ɗigo kyauta, in yaro ya kwanta muka je asibiti sai a rubuta mana mu saya? Abin da ya juya lamarin shi ne amana. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan arewa kan kiwon lafiya, daga baya aka ɗauki dubban mata daga unguwanninsu suna shiga gidaje, suna halartar suna, suna sanin wace ce ke da ciki. A Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Unguwannin da suka buɗe ƙofa a ƙarshe su ne suka rufe ta da farko, kuma ba makaranta matansu suka shiga a tsakani ba.

Wani zai zo ta ɗaya ɓangaren ya ce duk wannan ɓata lokaci ne, mata sun sani, kuɗi ne babu. Shi ma da lamba a hannunsa. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sa Sakkwato kan gaba a talauci mai fuskoki da yawa, da kashi 91 cikin 100. Da aka tambayi matan Nijeriya a 2018 abin da ke tare musu hanyar asibiti, kashi 46 suka ce kuɗi, 26 nisa, 11 kacal suka ce izini. A kantar kemis ana ganin wannan ƙarara. Mace ta aiko yaro da 'yan canji da saƙon baki, “a ba ni na zazzaɓi,” mai kemis ya yanka fakiti da almakashi ya ba da na iya kuɗin, babu kwali, babu takarda, babu wanda ya ga marar lafiyar. Ko farfesa ce ta aiko da wannan kuɗi, abin da za ta samu ke nan. Na yarda da wannan har zuwa wani wuri. Inda na rabu da shi, talauci ƙara wa sani daraja yake yi. Mai hali in ya yi kuskure yana da na gyara. Wadda naira dubu ce gaba ɗaya a hannunta, sanin cewa gudawar yaro ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink take so shi zai hana ta zubar da kuɗin kan allura. Gane cewa gyambon dasashi mai wari a bakin yaro mai tamowa yana iya zama cutar nan mai cinye fuska cikin kwanaki, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta tun 1999, ba ya cin kuɗi, a wannan mataki kuma magani mai araha yana tsayar da ita.

Addini kuwa, wanda baƙi ke saurin nunawa da yatsa, tarihin birnin nan ya ba da amsarsa tuntuni. Shehu Usmanu a Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta fuskanci ainihin wannan matsala, wato mata masu yawa a ƙauyuka da cikin gidaje waɗanda ba za su zo makaranta ba. Ba ta jira su ba. Ta zaɓi dattawan mata da ake kira jaji, ta naɗa musu malfa da jan rawani, ta shirya darussa cikin waƙa da Hausa da Fulatanci don a haddace, su kuma su kai wa mata har gida. 'Yan Taru ke nan. Abin da masana sadarwar lafiya ke ba da shawara a yau yana ciki: mai kai saƙo mace ce da ake girmamawa, harshen na gida ne, saƙon mai riƙuwa ne a ka, wurin kuma tsakar gida. Abin mamaki, Islamiyyun matan aure da ke cike a unguwanni, inda ake karanta babin haila da biƙi a fili ba kunya, ba a cika ɗaukarsu wurin da ungozomar asibiti za ta riƙa zuwa ta ɗora alamomin haɗarin ciki a kan wannan babi ba.

Masu sa rai ga waya su bi a hankali. A 2018 kashi 55 cikin 100 na matan Nijeriya ke da wayar kansu, maza 81. Inda wayar ta shiga, saƙon murya na WhatsApp ya cire shingen karatu, amma ya cire wa kowa. Mai sayar da haɗin sanyi da hakin maye ta riga ma'aikatar lafiya shiga, ta kuma fi ta iya magana: tana kiran mace “'yar uwa,” tana faɗin awo da cokali da lokacin sha, tana amsa tambaya ko da dare ne. Yadda mata ke riƙe waɗannan haɗe-haɗe a ka ba rubutu, shi kaɗai ya isa rushe zancen cewa ba sa riƙe bayani. Hawa na uku ne ke da rauni, tantance zance, shi kuwa yana ginuwa ne idan mace tana da wata amintacciya mai horo da za ta tura wa saƙon ta ce, “Anti, wannan gaskiya ne?”

Irin wannan amintacciya ba ta da tsada, amma ba kyauta ba ce, a nan kuma tsarin ke yawan karyewa. Kusan duk rundunar matan sa-kai da aka kafa a Sakkwato, ta cibiya, ta shan-inna, ta zazzaɓin damina, da kuɗi ko horon masu tallafi daga waje ta tashi, kowace da cutarta da rajistarta da alawus ɗinta. Sai mata daban-daban su shiga gida ɗaya, kowace da saƙo guda, babu wadda aka horar ta amsa tambayar da matar gidan ke da ita a ranar. Shirin da ya tallafa wa man cibiya ya ƙare a 2015. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID. Gwamnatin tarayya tana da shiri tun 2018 na haɗa irin waɗannan mata a tsari guda, amma alawus ɗinsu da horonsu da mai duba aikinsu sai sun shiga kasafin jiha da na ƙananan hukumomi 23 kafin a ce sun zauna. Mata goma a mazaɓa, ko an ninka su, adadi ne da jiha za ta iya lissafawa ta biya. Sai kuma a sauya abin da rahoto ke ƙirgawa: a bar yawan fakitin da aka raba da yawan matan da suka zauna a benci, a riƙa komawa gida bayan kwana uku a ga ko an sha ƙwayar jibi, a tambayi mai ciki da uwar mijinta waɗanne alamomi ne za su sa su nemi mota da dare.